Gida da Kujera: Yadda Cinikin Gidaje Ke Juya Kasuwar Kayan Ɗaki

(Rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba)

  

Maganarmu ta yau ta taso ne daga tambayar wani mai sauraronmu. Kafinta ne, yana da ɗan shagonsa da yara huɗu masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Ya turo saƙon murya yana cewa: "Malam, ni fa abin nan ya ɗaure min kai. Aikina bai lalace ba, kuma ban ƙara farashi fiye da yadda katako da soso suka tashi ba. Amma ga saitin kujeru biyu nan a bakin shago wata biyar ke nan, rana na dukansu har yadin ya fara koɗewa. Shekaru kaɗan baya kuwa oda ce ke jirana. Wai me ya faru?"

To Malam kafinta, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo kasuwa. Amsar da kowa zai fara ba ka ita ce babu kuɗi a hannun mutane, kuma gaskiya ne. Amma ni zan ƙara maka da wata tambaya. A unguwarku, cikin wata shidan nan, gida nawa ka ga an kammala an tare? Mutum nawa ka ga sun kwashe kaya daga wannan gida zuwa wancan? Amare nawa aka kai? Idan ka zauna ka ƙirga, ina kyautata zaton a nan za ka samu rabin amsarka. Domin kujera da gado da sif, ƙafarsu ɗaure take da ƙafar gida. Idan mabuɗin gida bai sauya hannu ba, da wuya kujera ta bar bakin shago.

Don mu ga abin a fili, bari mu ɗauki ƙasa guda mu bi ta daki-daki. Na zaɓi Amurka. Dalili kuwa, su mutanen nan komai ƙirga shi suke yi, duk wata sai an fitar da adadin gidajen da aka sayar da waɗanda aka fara ginawa. Sannan daga 2020 zuwa 2023 kasuwar gidajensu ta yi tashin gwauron zabo ta kuma faɗo, masu kayan ɗaki suka bi ta a hawa da sauka. In mun gama da su sai mu dawo gida, mu ga inda muka yi kama da inda muka sha bamban.

Amma kafin nan, mu fara gane irin kayan da muke magana a kai.

Kun ga shinkafa, in ta ƙare dole a sayo. Sabulu haka, man girki haka. Kujera fa? Kujera ba ta ƙarewa, tsufa take yi a hankali. Soso ya kwanta, a sa matashi. Yadi ya yage, a yafa zani. Ƙafa ɗaya ta karye, a tokare da bulo. Mutum zai iya cewa "sai baɗi" har sau biyar, kuma ba abin da zai same shi. Wato kaya ne da ake iya ɗage sayensu. Irin waɗannan kaya sai an samu wani dalili mai ƙarfi da zai tilasta wa mutum ya ciro kuɗi. Kuma babu dalilin da ya kai sauya gida ƙarfi.

Ku duba abin da ke faruwa ranar da mutum ya tashi daga gida. Da yana ɗaki biyu, yanzu ya koma uku, to ga ɗaki guda fanko yana kallonsa, sai gado da katifa. Falon da ya bari ƙarami ne, wannan babba, kujerun da suka cika wancan sun zama kamar an ajiye su a filin ƙwallo. Labulen tsohon gida bai kai tsawon sabuwar taga ba. Sif ɗin da ya shekara goma a jingine da bango, ranar da aka ɗaga shi za a sa a mota, ranar bayansa ya ɓalle. Ga kuma uwargida tana cewa ita dai ba za ta shiga sabon gida da tsofaffin kujeru ba, mutane za su zo ganin gida. Duk sayayyar da aka yi shekaru ana ɗagewa, sai ta taru a cikin 'yan watanni. Shi ya sa masu sayar da kayan ɗaki a Amurka suka daɗe da sanin cewa babban kwastomansu shi ne wanda bai daɗe da karɓar mabuɗi ba.

Akwai kuma abu na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Cinikin gida ɗaya ba iyali ɗaya yake motsawa ba. Wanda ya sayi sabon gini ya sayar da tsohon gidansa. Wanda ya sayi tsohon ya bar gidan haya. Gidan hayar kuma wani saurayi ya kama ya bar gidan iyayensa. Kun ga gida ɗaya aka gina, amma motar kwasar kaya ta yi sawu uku, kuma kowane sawu akwai abin da za a saya. Haka in aka juya: idan na farkon bai motsa ba, duk na bayansa sun tsaya cak.

Yauwa. To yanzu mu shiga Amurka.

A can, mafi yawan masu sayen gida ba kuɗi suke ƙirgawa su biya gaba ɗaya ba. Bashi suke karɓa daga banki, su riƙa biya wata-wata, galibi tsawon shekara 30, kuma kuɗin ruwan da aka yanke ranar farko shi ne zai tsaya har ƙarshe. Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, za mu dawo kanta, don a nan sirrin yake.

Da annobar korona ta shigo a 2020, babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifili don kada tattalin arziki ya durƙushe. Bashin sayen gida ya yi arha irin wadda ba a taɓa gani ba. A farkon Janairun 2021, matsakaicin kuɗin ruwan bashin shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65 cikin 100. Ga mutane a kulle a gida, ofis ya dawo falo, makarantar yara ta dawo teburin cin abinci, kowa ya ga gidansa ya yi masa kaɗan. Sai aka yi rububin sayen gidaje. A 2021 kaɗai an yi cinikin gidaje na hannu, wato waɗanda ba sababbin gini ba, kimanin miliyan 6.1, adadin da rabon a ga irinsa tun 2006.

Me ya faru da masu kayan ɗaki? Kakarsu ta yanke saƙa. Akwai wani kamfani a birnin Boston mai suna Wayfair, ta intanet yake sayar da kujeru da gadaje da sauransu. A 2019 cinikinsa ya kai dala biliyan 9.1. A 2020 ya haura biliyan 14. Mutum zai ba da odar kujera a ce masa ya jira wata huɗu, wata shida. Masana'antu ba sa iya biyan buƙata, jiragen ruwa sun yi layi a tashoshin Kalifoniya, kuɗin ɗauko kwantena ɗaya daga Asiya wanda a da bai kai dala 2,000 ba ya haura dala 10,000 a 2021. Duk da haka 'yan kasuwa suka ci gaba da zuba oda, har ma suna ninkawa, don gudun kada kwastoma ya zo a ce babu.

Sai labari ya sha bamban. Farashin kaya ya yi ta hawa a Amurka, har hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022, abin da suka shekara 40 ba su gani ba. Babban bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga Maris 2022, ya yi ta ɗagawa har sau 11 zuwa Yulin 2023. Bashin gida ya bi sahu. Wanda yake ƙasa da kashi 3, zuwa ƙarshen Oktoban 2023 ya kai kashi 7.79.

Wani zai ce to daga 3 zuwa 7, ai huɗu ce kawai ta ƙaru. Bari mu yi lissafi tare. A ce mutum ya karɓi bashin dala 300,000 na shekara 30. A kan kashi 3, zai riƙa biyan kusan dala 1,265 duk wata. A kan kashi 7, kusan dala 2,000 ne duk wata. Gida ɗaya, bashi ɗaya, amma an ƙara masa sama da dala 700 kowane wata, har shekara 30. To wannan ɗari bakwai ɗin, ai ita ce kuɗin kujerar da gadon. Wanda ya daure ya sayi gidan ma, ya shiga da tsofaffin kayansa. Da yawa kuma suka fasa sayen baki ɗaya.

Yanzu mu koma kan maganar da na ce ku riƙe. Miliyoyin Amurkawa sun riga sun karɓi bashinsu a kan kashi 3 ko ƙasa da 4, kuma an ɗaure musu shi har shekara 30. Idan mutum ya sayar da gidansa ya sayi wani, tsohon bashin ya tafi, sabo zai karɓa a kan kashi 7. To wa zai yi wannan gangancin? Sai kowa ya zauna daram a inda yake. Iyali sun ƙaru, gida ya yi kaɗan, a haƙura. An samu aiki a wani gari, a yi ta jeka-ka-dawo. Gidajen sayarwa suka yi ƙaranci a kasuwa. A 2023 cinikin gidaje na hannu ya faɗo zuwa kimanin miliyan 4.1, mafi ƙaranci tun 1995. Wato cikin shekara biyu, an rasa cinikin gida miliyan biyu a shekara. Ku tuna kowane ɗaya daga cikinsu falo ne da ɗakunan kwana da ba a sayi komai dominsu ba.

Ga inda abin yake da ban mamaki, kuma shi ne zuciyar shirinmu na yau. A wannan shekarar ta 2023 da ciniki ya faɗi, farashin gidaje bai faɗi ba. Hasali ma matsakaicin farashin gida na hannu ya kafa sabon tarihi, kusan dala 390,000, saboda gidajen da ake sayarwa sun yi kaɗan. Wanda ya kalli farashi kawai zai ce kasuwar gidaje na ci. Amma mai sayar da kujera kuka yake. Ka gane? Tsadar gida ba ta sayen kujera. Gida zai iya ninka kuɗinsa alhali mutanen ciki suna zaune a kan kujerun da suka saya shekara goma baya. Abin da ke kawo wa mai kayan ɗaki ciniki shi ne yawan gidajen da suka sauya hannu, yawan mutanen da suka tashi suka tare.

Kuma faɗuwar ta samu 'yan kasuwa a mummunan lokaci. Kun tuna odar da suka ninka a 2021? To kayan sun iso a 2022, daidai lokacin da masu saye suka ja baya. Ɗakunan ajiya suka cika maƙil da kayan da aka ɗauko da tsadar kwantena, dole a karya farashi a sayar. Wayfair ya sallami ma'aikata kusan 870 a Agustan 2022, ya ƙara 1,750 a Janairun 2023, ya sake 1,650 a Janairun 2024. A jihar Misisifi, kamfanin United Furniture Industries ya sallami ma'aikata kusan 2,700 a dare ɗaya a Nuwamban 2022, ta saƙon waya da imel, wasu direbobinsa suna kan hanya da kaya saƙon ya same su. A Agustan 2023 kuma, a jihar Karolina ta Arewa, wadda ita ce cibiyar sana'ar kayan ɗaki a Amurka, inda ake babbar kasuwar baje koli ta High Point sau biyu a shekara, tsohon kamfanin Klaussner ya rufe ƙofa bagatatan bayan mai ba shi bashi ya janye hannu, ma'aikata sama da 800 suka rasa aiki. A cikin watan dai kamfanin Mitchell Gold + Bob Williams shi ma ya rufe.

Abin bai tsaya a Amurka ba. Kaso mai yawa na kayan ɗakin da ake sayarwa a can daga Asiya ake kawo su, musamman Biyetnam da Sin. Da oda ta ragu, masana'antun katako a kudancin Biyetnam suka rage ma'aikata da awannin aiki, kuma kayan katakon da ƙasar ke fitarwa suka ragu sosai a 2023. Ku duba nisan zaren: wasu mutane sun zauna a Washinton sun ɗaga kuɗin ruwa, wani iyali a Tekzas sun fasa sauya gida, wani mai goge katako a Biyetnam ya koma gida babu albashi.

A nan dole in yi adalci, kada in ɗora wa gidaje laifin komai. A lokacin korona gwamnatin Amurka ta raba wa jama'a kuɗin tallafi har sau uku, mutane kuma ba sa fita yawo ko cin abinci a waje, sai kuɗin ya tafi kan gyaran gida. Wanda ya sayi kujera a 2021 ba zai sake saye a 2023 ba ko da ya sauya gida. Wato an ci kasuwar gobe tun jiya. Wasu kamfanonin kuma da ma bashi ya yi musu katutu. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da ya sa masu wannan sana'a ba sa ɗauke ido daga gidaje shi ne, ba wannan ne karon farko ba. A 2005 an fara ginin gidaje sama da miliyan 2 a Amurka. Da rikicin bashin gidaje ya fashe, zuwa 2009 adadin ya faɗo zuwa kusan 550,000. Babu korona a lokacin, amma masu kayan ɗaki sun sha wuya iri ɗaya. Kamfanin Levitz, wanda aka kafa tun 1910, a 2008 ya rufe shagunansa gaba ɗaya. A wancan zamanin ma akwai ƙarin wata hanya: lokacin da gidaje ke tsada, mutane suna karɓar ƙarin bashi a kan darajar gidansu su gyara kicin su sauya kujeru. Da darajar ta faɗi, wannan famfon ya ƙafe.

Abu na ƙarshe game da Amurka shi ne tazarar lokaci, kuma shi ne ya fi amfani ga ɗan kasuwa. Kayan ɗaki a baya suke tafiya, gida ne a gaba. Yau aka ƙulla cinikin gida, sai bayan wata ɗaya ko biyu a kammala takardu a karɓi mabuɗi, sannan a fara sayayya, a yi ta yi har tsawon shekara. Idan sabon gini ne, daga haƙa harsashi zuwa tarewa watanni ne masu yawa. Ke nan wanda ke kallon gidaje yana hango kasuwarsa tun kafin ta iso. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wadda ba za ta yi ba ma haka.

To yanzu mu dawo gida, mu koma kan tambayar Malam kafinta. Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane ba ce.

Bambanci na farko, mu a Najeriya ba da bashin banki yawancinmu ke mallakar gida ba. Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya kuma ya ba da bashi a kan kashi 6. Amma waɗanda suka samu gida ta wannan hanya kaɗan ne in aka kwatanta da yawan jama'a, kuma da yawa daga cikinmu ma suna guje wa bashi mai ruwa saboda addini. Mu yadda muke yi, a sayi fili, a zagaye, a yi ɗaki ɗaya bana, a kai linta baɗi, a yi rufi in an samu. Saboda haka abin da kuɗin ruwa yake yi wa Ba'amurke, mu siminti da rodi da kwano ne suke yi mana shi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti kuma ya kai naira 10,000 a wasu garuruwa. Ku zagaya bayan gari a Kano ko Kaduna ko Katsina ku ga kangwaye nawa suka tsaya a linta. Kowane kango falo ne da ba a sa wa kujera ba. Wanda ya yi ta maza ya kammala kuma, ya shiga gidan aljihu a bushe, ya shimfiɗa leda ko kafet ya ce kujeru sai Allah ya hore.

Bambanci na biyu, haya. A biranenmu kuɗin shekara ake biya a dunƙule, wani wurin ma na shekara biyu, ga la'adar dillali. Idan haya ta tashi, abu biyu ke faruwa. Mai son ya koma gida mafi girma sai ya fasa, ya lallaɓa mai gidansa su ci gaba. Wannan shi ne namu nau'in zama daram ɗin da muka gani a Amurka. Wanda kuma aka tilasta wa tashi, ƙaramin gida yake komawa, maimakon ya sayi kujera sai ma ya sayar da wadda yake da ita. Shi ya sa a irin wannan lokaci za ka ga dillalan kayan hannu suna ciniki, kafinta mai sabon aiki yana zaune.

Bambanci na uku shi ne mafi girma, kuma shi ne namu na kanmu: aure. A ƙasar Hausa babbar ƙofar da kayan ɗaki ke bi su shiga gida ita ce ɗakin amarya. Ango ya nemo muhalli, iyayen amarya su yi gado da katifa da sif da madubi da kujeru da labule da kayan kicin, a je a yi jere. Ku lura da tsarin: sai an ga gida kafin a yi odar kaya. Mata sai sun je sun ga ɗakunan, sun auna falo da tagogi, sannan a kira kafinta. Idan saurayi ya kasa kama haya ko ya kasa ƙarasa ɗakin da yake ginawa a gidansu, sai a ɗaga biki. An ɗaga biki, an ɗaga odar kafinta. To kun ga ko a nan ma gida ne a gaba, kujera a baya. Girman gidan ma shi ke yanke girman odar. Ciki da falo saiti ɗaya ne. Ɗaki biyu da falo kuwa, sai a ce gado biyu, a ƙara da teburin cin abinci. Idan tsadar haya ta mayar da angwaye daga ɗaki biyu zuwa ɗaya, ko adadin aure bai ragu ba, aikin kafinta ya ragu. Don ku ga ƙarfin wannan ƙofa, ku tuna auren gata da gwamnatin Kano ta yi a Oktoban 2023, ma'aurata 1,800 a lokaci guda, kowace amarya da gadonta da katifarta. Aikin da ya shiga hannun masu sana'a ke nan saboda an buɗe sababbin ɗakuna 1,800.

To me mutum zai yi da wannan bayani? Bari in ba da shawara gwargwadon fahimtata.

Malam kafinta, kai ba ka da hukumar da za ta riƙa kawo maka alƙaluma duk wata, amma kana da waɗanda suka fi alƙaluma sanin unguwa. Yi abota da mai buga bulo, da mai sayar da siminti, da mai tayil da fenti, da dillalin gidaje. Mai bulo yana gabanka da shekara ɗaya ko fiye. Mai tayil da mai fenti suna gabanka da wata biyu ko uku, don duk gidan da aka fara shafa wa fenti an kusa tarewa. Idan mai fenti ya ce maka aiki ya yi masa yawa, sayi katako ka ajiye. Idan ya ce maka wata biyu bai taɓa buroshi ba, kada ka zuba jarinka a saiti uku ka jera a rana. Kuskuren da manyan kamfanonin Amurka suka yi ke nan, suka tara kaya bisa kasuwar jiya.

Na biyu, idan mutane suka daina tashi, ba su daina zama ba. Kujerar da aka fasa sauyawa tana buƙatar sabon soso da sabon yadi. Gyara da sake rufi aiki ne da ke ƙaruwa daidai lokacin da sabon aiki ke raguwa, kuma ba ya cin jari mai yawa. Kada ka raina shi. Wanda ka gyara wa kujera bana, shi zai kira ka ranar da zai aurar da 'yarsa.

Na uku, auna aikinka da gidajen da ake shiga yanzu. Idan ɗakuna sun ƙanƙance, ƙaton gado mai fukafukai da kujeru masu cin rabin falo ba za su tafi ba. Yi abin da zai shiga ciki da falo ya bar wurin shimfiɗa sallaya.

Ga iyaye masu shirin aurar da 'ya'ya kuma, Baba da Hajiya, ku ma akwai naku. Kada a yi odar kaya kafin a tabbatar da gida. Sau nawa muka ga an kai sif ya ƙi shiga ƙofa, ko an ajiye kujeru a gidan maƙwabta wata shida har ɓera ya yi musu aiki? Kuma lokacin da gine-gine suka tsaya, lokacin ne kafinta ke da sarari da sauƙin ciniki, zai yi muku aiki a natse. In kuka bari sai gab da azumi ko bayan salla da bukukuwa ke cunkushewa, ku da kanku kun san yadda ake ƙarewa da saɓa alkawari.

Malam kafinta, ina fata ka samu abin kamawa. Waɗancan saiti biyun dai ka shigar da su inuwa, ko ka rage ka sayar ka juya kuɗin, don rana ba ta san jari ba.

A nan za mu dakata. Kafintoci da masu shagon kayan ɗaki da ke bin mu, ku faɗa mana yadda abin yake a garuruwanku: ana tarewa ko an tsaya? Gyara ya fi yawa ko sabon aiki? Dillalan gidaje ma muna son jin ta bakinku. Wanda ya san wani mai wannan sana'a ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.